Akushin Mata Bakwai

A garin Rafin Ɗinya an yi wani baƙin akushi da tuwo ba ya hucewa a cikinsa. Ko da hantsi aka kwashe, in an buɗe da la'asar sai tururi ya taso. Wannan ma ƙaramin al'amarinsa ne. Babban shi ne, in babu komai a ciki mutum ya kara kunnensa a bakinsa, sai ya jiyo muryoyin matan da suka taɓa mallakarsa, su bakwai, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. Wata na daka, wata na dariya, wata na faɗa da awaki, kamar ana jiyo su daga bayan danga.

Ta takwas ita ce Tasalla, wata dattijuwa mai ciwon gwiwa da taurin kai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai a gida mai ɗaki uku. Al'adar gidansu ita ce duk Juma'a mai akushi ta shafe shi da man shanu tana kiran matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta amsa. A nan ne kaɗai aka yarda 'ya ta buɗi baki ta faɗi sunan mahaifiyarta. Tasalla takan kira shidan farko da hanzari, don ta bakwai take ɗoki, wato Ladingo, Iyarta, wadda ta shekara talatin a ƙasa.

Akwai kuma wata al'adar, wadda Tasalla ta yi wa kunnen uwar shegu. Da zarar 'ya ta yi haihuwa uku, akan miƙa mata akushin. Hansai, 'yar Tasalla ta fari, ta yi haihuwa takwas, ko inuwarsa ba ta gani ba. Dalili kuwa, wata rana shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta zo ganin gida, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ta saki akushin a ƙasa, bakinsa ya ɗan ɓalle, abin da bai kai farce ba. Tasalla ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba. Ta naɗe shi da zane uku, ta kulle a adaka, ta rataya mabuɗin a wuya. Tun daga ranar ko loma ɗaya ba a ƙara ci a cikinsa ba.

Wata Juma'a ta buɗe adaka, ta warware zannuwan, sai ta tarar akushi ya tsage tun daga baki har gindi. Ta buɗe baki za ta kira ta farko, sai ta nemi sunan ta rasa. Ta kara kunne, muryoyi shida kawai ta ji. Kada wani ya tambaye ni sunan matar nan, ni ma ban sani ba, don tun daga ranar babu wanda ya ƙara saninsa a duniya.

Da gari ya waye muryoyi suka koma biyar. Tasalla ba ta yi makaranta ba, amma ba ta buƙaci malami ya yi mata wannan lissafin ba. Ta ɗaura akushi a baya kamar goyo, ta ƙulle garin dawa da kuka da ɗan man shanu a gefen zane, ta ɗingisa kasuwa wurin Korau gyartai, wanda ya tsufa yana ɗinke fasassun ƙore.

Korau ya juya akushin, ya shinshina shi, ya miƙa mata abinta da hannu biyu. Ya ce, "Baba Tasalla, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Basillata ba ta shiga wannan itacen, don ba a dajinmu ya tsiro ba. In kina da ƙafa, ki tafi kufan Tsohon Gari da rana tsaka. Akwai rumbu ɗaya da bai rushe ba. Ki shiga da ƙafar hagu, ki nemi Uwar Gyartai."

Ta ce, "Ƙafar ce babu, Korau."

Ya ce, "To, ki koma gida ki zauna ki ji suna tafiya."

Ba ta koma gida ba. Rana na kai tsaka tana bakin rumbun, ta yi bisimilla ta zura ƙafa. Ba ta taka ƙasa ba sai a wani fili wanda ido ba ya ganin iyakarsa, rana tsaye cak a tsakiyar sama, ba ta gaba ba ta baya. Daga sama kuwa abubuwa ne ke zubowa ba ƙaƙƙautawa: sakaina, tsingaro, karyayyun ludaya, guntayen madubi, haƙoran mataji. Duk abin da ya fashe a gidajen mutane nan yake faɗowa. Tasalla ta ja mayafi ta rufe goyonta, ta bar kanta a buɗe. Kafin ta yi taku ɗari goshinta ya fashe wuri biyu.

A tsakiyar filin ta iske wani dogon aljani, kansa fari fat, yana shara da tsintsiya mai tsawon giginya. In ya share gabansa, kafin ya juya bayansa ya cika.

Ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, shekara dubu huɗu ina wannan shara, ke ce ta farko da ta yi mini sannu. Me kika goyo?"

"Akushin iyayena ne, ya tsage. Uwar Gyartai nake nema."

"Abin da ya tsage nawa ne, ko yau ko gobe. Ki sauke shi a nan ki huta. Na ga gwiwoyinki, ba za su kai ki ba."

Tasalla ta dubi gwiwoyin nata, sun kumbura sun yi suntum, kuma gaskiya maganarsa ta shige ta. Amma ta ce, "Tsagewa ya yi, bai rabu biyu ba. Ranar da ya rabu, ka aiko a karɓa."

Aljanin ya yi wata gajiyayyar dariya. Ya ce, "Kin san shari'a. To riƙe mini tsintsiyar nan in miƙe bayana sau ɗaya, ni kuma in nuna miki hanya."

Ta riƙe. Nauyinta ya kusa tsinke mata kafaɗu, ga abubuwa na ta dukan ta a ka. Shi kuwa ya dafa ƙugu ya fara miƙewa, ƙashin bayansa na ƙara ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan da ya shekara dubu huɗu a sunkuye ba ya miƙewa da wuri. Da ya gama ya karɓi abarsa, ya yi shara ɗaya mai ƙarfi, sai ga hanya ta buɗe fes har bakin wani kogi. Tasalla ta sauke goyo ta kara kunne. Muryoyi huɗu. A ƙasar da rana ba ta faɗuwa, da haka ta gane kwana ya wuce.

Kogin ja ne, mai kauri, yana warin tsohon ƙarfe, sunansa Kogin Tsatsa. A bakinsa akwai wata aljana gajera, mai faɗin fuska da idanun kwaɗo, tana zaune cikin wani masaki da zai ci mutum goma.

Aljanar ta ce, "Ya ke mai goyon itace, ba na karɓar ladan fito. Tambaya ɗaya nake yi a tsakiyar ruwa. Masakina ba ya ɗaukar mutum da ƙaryarsa, ɗaya yake ɗauka."

Tasalla ta ce, "Ni ba a san ni da ƙarya ba," ta shiga.

Da suka kai tsakiya, aljanar ta ajiye abin tuƙinta, ta ce, "Wa ya fasa akushin?"

"Jikata ce, ta sake shi a ƙasa."

Masaki ya nutsa har jan ruwan ya kawo rabinsa.

Tasalla ta ce, "To, uwarta ce, da ba ta kwaɓe ta ba."

Ruwa ya kawo baki, ya fara lallaɓowa ciki. Inda ya taɓa zanenta, wurin ya ruɓe nan take.

"Tsufa ne! Itace ne, ya gaji!"

Ruwa ya rufe mata idon sawu, ta ji kamar an zuba mata barkono a tsagar kaushi. Aljanar ko a jikinta, sai ma ta fara sakace haƙori. Ta ce, "Ni ina iya numfashi a ƙarƙashin ruwa. Ke nake ji."

Abin da Tasalla ta fi ƙi a duniya shi ne a ce ta yi kuskure, ko marigayi mijinta bai taɓa jin ta amsa laifi ba. Ta ce a hankali, "Tun da na kulle shi babu hannun da ya taɓa shi sai nawa. In akwai mai laifi, ni ce. Amma wallahi ban san abin da na yi masa ba. Ban taɓa fashin shafa masa mai ba."

Masaki ya taso sama, ruwan ya tsiyaye. Aljanar ta ɗauki abin tuƙi ta ce, "Rashin sani ba ƙarya ba ne, masakina yana ɗaukarsa." Da suka isa gaɓa, muryoyi uku suka rage.

Daga nan hanya ta yi ta hawa. Tasalla na tafiya tana hutawa, wani wuri da rarrafe, har ta iso wani birni mai ganuwar farin dutse da ƙofar tagulla. Tana shiga inuwa ta rufe ta, sanyi ya ratsa ta, ciwon gwiwa ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Babu ƙura, babu ƙuda, babu hayaƙin girki, babu kukan yaro. Ko'ina rumfuna ne a jere, a kowace rumfa akwai adaka, a kan kowace adaka akwai mutum zaune ya harɗe hannu.

Wata doguwar mace mai fararen kaya ta taro ta, mabuɗai sun fi dubu a ɗamararta, amma ko ɗaya ba ya ƙara. Ta ce, "Maraba da Tasalla 'yar Ladingo. Ni ce Magajiyar Birnin Ajiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka share miki rumfa."

Tasalla ta ce, "Allah ya ja zamaninki, wucewa zan yi. Uwar Gyartai nake nema."

Magajiya ta ɗan yamutsa fuska. "Waccan ƙazamar ta bayan ganuwa? Za ta huda miki kayan gado da wuta. A nan kuwa abin da ya shigo ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Ajiya maganin wata rana. Ga adakarki, ki sa shi ciki, ki zauna a kai. Babu jika, babu mai aro, babu mai cewa ba ni."

Wanda bai taɓa gajiya irin ta Tasalla ba, kada ya yi saurin zaginta. Ta ce a ranta bari ta ɗan zauna ƙafa ta huce. Ta sa akushi a adaka, ta rufe, ta hau kai. Wani daɗi ya lulluɓe ta, irin wanda rabonta da shi tun tana budurwa. Ba barci ta yi ba, ba kuma a farke take ba, zama kawai take yi.

Allah ne kaɗai ya san iyakar zaman. Abin da ya cece ta shi ne son jin ƙwaƙwaf, wanda tun tana yarinya ake yi mata faɗa a kansa. Ta dubi maƙwabcinta, wani tsoho mai rawani wanda gemunsa ya sauka har ya shiga ƙasa, ta ce, "Malam, me ke cikin taka?"

Ya daɗe kafin ya juyo. Ya ce, "Abu ne mai daraja. Na mahaifina ne."

"Mene ne?"

Ya yi ta motsa baki. Can ya ce, "Mai daraja ne ƙwarai."

"Yaya sunan mahaifin naka?"

Tsohon ya dube ta da idanu kamar na wanda aka tasa daga barci, ya mayar da kansa gaba.

Tasalla ta diro daga kan adaka, ta fizge murfin, ta kara kunne. Murya ɗaya. Kakarta ma ta tafi, da sunanta da komai. Iya ce kaɗai ta rage, ita ma can ƙasa-ƙasa.

Ta juya ga Magajiya. "Kin ce ba ya raguwa!"

Magajiya ta ce, "Itacen na ce. Dubi tsagar, ta ƙaru? Mu itace muke ajiyewa, da ƙarfe, da tufafi. Abin da ke cikinsu ba aikinmu ba ne."

Tasalla ba ta tsaya sallama ba. Tana fita ƙofa ciwon gwiwa ya dawo mata har da na bashin kwanakin da ya yi hutu. Ta bi gindin ganuwa tana dafa bango tana kuka, har ta zagaya baya, inda ta hangi hayaƙi na tashi kusa da wani juji.

Nan ta iske Uwar Gyartai, wata tsohuwar aljana baƙa wuluk, mai hannu huɗu, duk sun yi kanta. Ɗaya na hura wuta, ɗaya na riƙe da basilla, biyu na ɗinke wata tsohuwar ƙwarya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ajiye nan."

Ta ɗauki akushin, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta saurara. Sai ta ɗago ta zuba wa Tasalla ido. "Ya ke 'yar Adam, wace ƙiyayya ce tsakaninki da wannan bawan Allah?"

"Ƙiyayya? Ranki ya daɗe, ba ni da abin da na fi so a duniya."

"Yaushe rabonsa da tuwo?"

"Shekara goma sha ɗaya. Amma duk Juma'a ina shafa masa mai."

"Mai a baya, yunwa a ciki. Ke a shafe ki da mai shekara goma sha ɗaya ba a ba ki abinci ba, mu gani in ba ki tsage ba. Akushi tururin tuwo yake sha, maiƙon miya yake ci, hannun masu ci ke yi masa tausa. In na sa masa basilla yanzu, biyu zai rabu. Me kika zo da shi?"

Tasalla ta kwance gefen zane. Ɗan garin da ya rage mata ke nan na komawa gida. Ta tuƙa tuwo a tukunyar aljanar, ta kaɗa miyar kuka, ta kwashe a akushin, miya na ɗiga ta tsagar. Ta ja gefe za ta ci.

Uwar Gyartai ta ce, "Hannu ɗaya ba ya ƙosar da shi. Matso." Ta sa hannuwanta huɗu, Tasalla ta sa nata ɗaya, kuma kowa ya san yadda irin wannan rabon ke ƙarewa. Loma uku Tasalla ta samu.

Da suka gama itacen ya yi laushi, ya yi sheƙi. Aljanar ta tsige furfura bakwai daga kan Tasalla, ta murza su suka zama zare, ta gasa basilla ta shiga huda. Duk huda ɗaya sai Tasalla ta runtse ido. Da aka ƙulle ɗinki, ta karɓa da sauri ta kara kunne. Ta juya ɗaya kunnen. Ta kira, "Ladingo." Ta sake kira, "Iya." Ba ta ji komai ba sai hucin wutar juji.

Ta ce, "Ta tafi?"

"Sunanta na bakinki, ashe ba ta tafi ba. Ta dai galabaita, ba ta da ƙarfin amsawa. Shidan can kuwa sun tafi, ni ɗinki nake yi, ba na kwaso abin da ya zube."

"Yaushe za ta amsa?"

"Ban sani ba. Wataƙila ba za ta ƙara ba. Abin da na sani shi ne, ɗinkin nan in ya kwana uku bai ga miya ba, zai buɗe, kuma ba a yi masa na biyu. Mutum nawa ke ci a gidanki?"

"Ni kaɗai ce. Wani lokaci ma koko nake sha in kwanta."

"To ba gidanki zai zauna ba."

Tasalla ta gane inda maganar ta nufa. Ta ce, "Gidan 'yata yara takwas ne, ranki ya daɗe. Ba su san darajar komai ba. Za su kankare shi, su yar da shi, su bar shi kaji su hau. Zai ƙare."

"Zai ƙare mana. Na ba shi shekara ashirin gindinsa ya huje, in sun yi hankali talatin. Tashi ki ba ni wuri, aiki na jira na." Hannu ɗaya ya nuna mata wata tsohuwar randa da ke kwance a gefen juji. Tasalla ta rarrafa ciki, ta fito ta bakin rumbun kufai, rana ta ɗan karkata.

Ba ta bi ta gidanta ba, don ta san in ta ga adakar nan zuciyarta za ta karye. Ta miƙe unguwar su Hansai, ƙafa a kumbure, goshi da ƙurji, zane a ruɓe. Hansai na tsakar gida tana kwashe tuwo, ta gan ta ta saki mara. "Inna! Ina kika shiga? Kwana biyar muna nema, har rijiyoyi an leƙa!"

Tasalla ta kwance goyo, ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, karɓi. Zuba musu a ciki."

Hansai ta ga abin da ke hannunta, ta ga ɗinkin. Ta ce, "Inna, yaran nan fa..."

"Na ce ki zuba."

Aka zuba. 'Yan mata biyar suka kewaye shi a kan tabarma, kowace na ja wajenta. Tasalla ta zauna a bakin ƙofa ta juya musu baya, don ba za ta iya kallo ba. Ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fita da gawar Iya. Ta yi tafiyar da ta ƙarasa mata gwiwoyi, ta rasa shida, ta bakwai ta yi shiru, ga abin da ya saura a hannun waɗanda ko wanke hannu ba su yi da kyau ba.

Sai ta ji ƙarar cokali, ƙarar, ƙarar. Ta waiga. Ƙaramarsu ce ta samo cokalin ƙarfe tana kankare gindin akushin da iyakar ƙarfinta.

Tasalla ba ta san lokacin da ta daka tsawa ba. "Ke! Rijiya kike haƙa? Ajiye ƙarfen nan ki sa yatsa, ja'ira, Allah bai ba ki hannu ba ne?"

Yarinya ta saki cokali. Tasalla kanta ta dafe bakinta, don muryar da ta fito ba tata ba ce. Ta san wannan kaushin, ta san yadda ake jan ƙarshen maganar, ta shekara talatin tana kara kunne a itace don ta ji shi.

Hansai na tsaye da tukunya a hannu, idanunta sun ciko. Ta ce, "Inna, wallahi na ɗauka Kaka ce ta shigo."

Tasalla ta share fuska da gefen mayafi, ta ja jiki a hankali har bakin tabarma, ta ture jikokin da gwiwar hannu.

Ta ce, "Ku matsa mini. Yunwa nake ji."